Ranar da Na Yi Azumin Turanci

Na ga abubuwa da yawa a kan hanya, kuma yawancinsu na bar su inda na gan su. Amma akwai rana ɗaya da har in koma ga Allah ba za ta fita daga kaina ba: ranar da na tsaya ina kallon bas ɗina tana gangarawa cikin gonar mutane, saboda na ƙi buɗe baki in faɗi kalma guda.

Ni direba ne. Na fi shekara talatin ina jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, in akwai fasinja in zarce Basirka. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka kai ni gareji. Na taɓa yin haɗarin da aka lulluɓe ni da zane a gefen titi ana cewa na cika, sai wani ya ga yatsana yana motsi. Wata huɗu na yi a asibiti, na fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Matata ta rasu ta bar min 'ya mace tana da shekara shida, ni da yayata muka raine ta. Ba ni da yawan magana. A tasha cewa suke yi in na gaishe ka sau biyu a yini, to ka binciki kanka.

Yarinyar nan ta gama sakandare, sakamakonta ya yi kyau, sai ya rage a cike takardar makarantar gaba. Saura kwana uku a rufe karɓa. Ni na riga na yanke: aikin jinya za ta koya. Na kwanta a gadon asibiti, na san wanda yake da amfani a duniya. Ita kuwa Turanci take so ta karanta a kwalejin malamai. Tana da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, wanda wata malamarsu ta ba ta. Ba ma'anar kalma kaɗai take nema a ciki ba, har asalinta take tonowa: daga wace ƙasa ta fito, wa ya fara faɗarta, ta ina ta bi ta shigo bakin Bature. Ni a wurina wannan da tonon kabarin mutanen da ba ka sani ba duk ɗaya ne.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure ni da Malam. Maƙwabcina ne, tare muka tashi, shi ya zarce da karatu har ya haɗa da na zamani, yanzu yana da Islamiyya a unguwarmu. Shi kaɗai ne yake min ba'a in ƙyale. Yarinyar ta kawo mana fura, ta durƙusa, ƙamus ɗin yana maƙale a hammatarta kamar jariri.

Na ce, "Ajiye wannan ki kawo takardar. Jinya za ki cike."

Ta ce, "Baba, ka san kalmar asibiti ma daga Turanci muka samo ta? Su kuma sun ɗauko ta daga wani tsohon harshe, asalinta masaukin baƙi take nufi."

Na ce, "Na yi wata huɗu a can, ban ga wanda ya yanka min kaza ba."

Malam ya kusa ƙwarewa da fura. Dariyarsa ce ta ƙara min ƙarfi, na ɗaga murya, abin da ba na yi. Na ce shekarata kusan sittin, na ci, na sha, na yi aure, na gina gida, na mutu na dawo, kuma kalmar Turanci ko ɗaya ba ta taɓa ratsa bakina ba. To wane amfani abin da mutum zai rayu shekara sittin babu shi yake da shi?

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, mota fa?"

"Mota Hausa ce."

"Turanci ce, Baba. Da taya, da birki, da giya, da sitiyari, da tasha, da fasinja, da canji. Direba ma."

Na dubi Malam ina jiran ya tsawata mata. Ya shafa gemu ya ce, "Gaskiyarta. Kai ai Bature ne, hular ce kawai ta bambanta ku."

Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma na ce duk wannan sakaci ne na baki, in na ga dama zan yini ban taɓa ko ɗaya ba. Yarinyar ta ɗago a hankali ta ce, in na yi yini guda, daga sallar asuba zuwa kiran magariba, a kan aikina, ban faɗi kalmar da ta fito daga Turanci ba, za ta cike jinya da hannunta kuma ba za ta sake tayar da maganar ba. In kuwa na faɗa, in bar ta ta yi Turancinta.

Na tambayi Malam ko wannan caca ce. Ya ce babu kuɗi a ciki, alkawari ne, kuma shi ne shaida, shi ne alƙali. Dama yana da ta'aziyya a Basirka washegari, ya ce zai bi ni. Ya ce, "Azumin Turanci ke nan. Allah ya sa ka kai shan ruwa."

Ni kuwa dariya nake yi a ciki. Sun manta da wanda suke magana. Mutumin da yake yini bai yi magana ashirin ba, shi za a kama da kalma? Dabarata ɗaya ce: in yi shiru.

Da asuba muka fito daga masallaci, yarinyar tana tsaye a ƙofar gida da hijabinta, ta shirya. Mutanen unguwa suna wucewa ana gaisawa. Malam ya ce, "To, an ɗaura niyya." Na gyara hula, na dube su su biyu, na ce, "Ku shaida. Yau za a ga mai jin kunya. Ko sisi ba zan kashe a kan Turanci ba."

Yarinyar ta dubi ƙasa. Malam ya yi tari, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban hadari. Na ce a raina, tsoro ya fara kama su.

A tasha komai ya tafi daidai. Sunayen garuruwa dai ba na Bature ba ne, na kira Gwaram da Basirka son raina. Ranar kasuwar Gwaram ce, mutane suka yi cincirindo a ƙofa, na daka musu tsawa na ce, "Ku bi layi!" Malam ya zauna a gaba, yarinyar ta zauna a bayana cikin mata. A gidan mai na ji daɗi, don mai dai namu ne, na miƙa kuɗi na ce a zuba. Wata tsohuwa ta ce, "Direba, ina canjina?" Na ce, "Ga ragowarki, Inna." Ta dube ni ta ce, "Ragowa kuma? Tuwo na ba ka?" Wani abokin aikina ya leƙo ya ce me ya sa bas ɗina take ƙara haka kwana biyu. Salansa ce ta huje, na sani, shi ma ya sani. Na nuna masa ƙarƙashi da yatsa. Ya ce, "Haƙori ke damunka?" Na gyaɗa kai. Ya ce in sa kanumfari.

Haka muka kama hanya. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, gero ya sunkuya. Wani ya tambaye ni ko za mu daɗe a Gwaram, na ce, "Minti biyar." Duk maganar da na yi ke nan. Ina leƙa yarinyar ta madubi, ta haɗa hannu a cinya tana kallon gonaki. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Na ce ta fara bankwana da ƙamus.

Muka sauke 'yan kasuwa a Gwaram, muka ɗauki wasu da buhuna da awaki biyu da kwandon ƙwai, muka nufi Basirka. Rana ta take. Malam ya jingina kai da ƙofa, carbi a hannu, barci ya ɗauke shi.

Sai a kan wani ɗan gangare tayar baya ta yi faci.

To a nan sai na yi bayanin halin bas ɗin nan. Tsohuwa ce, kuma kamar ni take, an sha ɗinke ta. Hambirkinta yana kamawa, amma haƙoran da ke riƙe shi sun cinye, in ka ja ka saki sai ya koma. Saboda haka tsarina shi ne, in zan tsaya a gangare, sai in ce wa wanda ke gaba, "Riƙe min hambirki," ni kuma in sauka in sa dutse a taya. Malam kansa ya riƙe min shi ya fi sau goma. Kalma uku ce. Amma ta ukun ita ce matsalar.

Na dubi Malam, yana minshari. In na tashe shi sai na yi magana, in na yi magana sai na faɗi sunan abin. Da na taɓa shi na nuna masa da hannu, da an wuce wurin. Wannan dabarar ta zo min, amma bayan kwana biyu. A lokacin abin da na gani shi ne, kada alƙali ya farka ya same ni ina kame-kame. Na kashe inji, na bar ta a giya, na ce ai za ta riƙe kafin in ɗauko dutse.

Fasinjoji suka sauka, suka nufi inuwar wata tsamiya a can baya, yarinyar tana cikinsu. Na ɗingisa gefen hanya na sami dutse mai kyau, na rungumo shi. Ina juyowa na ji ƙas. Giya ta fita.

Ba gudu ta yi ba. Wallahi da gudu ta yi da ya fi min sauƙi a zuciya. Tafiya ta fara yi a hankali, kamar saniyar da ta ƙoshi. Mai ƙafa biyu lafiyayyu zai kamo ta. Ni kuwa ga ƙafa ɗaya da rabi, ga dutse a ƙirji da na manta ban yar ba.

Na ƙwala ihu, "Malam! Malam! Ja abin nan!"

Ya farka firgigit, ya leƙo ta taga. "Wane abu?"

Kalmar tana kan harshena. Ina jin ɗanɗanonta. Na haɗiye ta.

"Abin da kake ja!"

"Ni me nake ja?"

"Na gefenka! Ja shi!"

Malam ya duba gefensa, ya ja abin da ya gani. Ƙofa ta buɗe. Ya ga ƙasa tana tafiya, ya rufe ta da ƙarfi, ya kama salati. Sai a lokacin mutanen ƙarƙashin tsamiya suka ankara, suka taso suna ihun "Birki! Birki!" Maza da mata, har tsofaffi, kowa yana zuba Turancinsa a fili, ni kaɗai ne mai azumi. Kafin Malam ya gane inda hannunsa ya kamata ya je, bas ta sauka daga titi, ta kutsa cikin dawa, karan yana karyewa ƙaf-ƙaf-ƙaf, ta yi ta shiga har ta kafa hanci a wani kwari ta tsaya.

Awaki suna kuka. Ƙwai ya zama abin da ya zama. Fitila ɗaya ta fashe, ruwa yana tsiyaya daga lagireto. Malam ya fito ba hula, goshinsa ya yi ƙulu kamar an dasa masa goro. Na isa wurin ina haki, har yanzu da dutsen a hannuna. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya ce, "Ajiye shi mana, ko ni ka kawo wa?"

Mai gonar ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya kalli hanyar da muka buɗe masa a tsakiyar dawa. Ya ce, "Bawan Allah, titin ne bai ishe ka ba?" Na ba shi haƙuri, na ce zan ɗauki asarar. Da ya ga goshin Malam sai ya sassauta, ya ce bari ya kirawo 'yan'uwansa su zo da shanun huɗa a jawo ta. Fasinjoji suka tsayar da wasu motoci suka wuce, mai ƙwai tana faɗa min maganganun da na cancanta. Aka bar mu mu uku a ƙarƙashin tsamiya muna jiran shanu.

Muka yi azahar a nan. Yarinyar ta jiƙa wani tsumma ta miƙa wa Malam ya danna a goshi. Ni kuwa, don ku san irin mutumin da nake, a cikin wannan hali wani daɗi ne yake taso min. Bas ta lalace, amma rana ta karkata. Na gyara murya na ce, "Malam, duk da haka dai ka shaida. Ban faɗa ba."

Malam ya sauke tsumman daga goshinsa. Ya dube ni. Ya ce, "Wato don kada ka faɗa ne ka bar ni na tafi?"

Na kau da kai ina kallon dawa.

Ya ce, "Inna lillahi. Kai, azuminka tun a ƙofar gida ya karye. Ko rana ba ta fito ba."

"Da me?"

Ya juya wurin yarinyar. "Gaya masa, 'yata. Ni kaina yana ciwo."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sisi, Baba. Ka ce ko sisi ba za ka kashe ba."

Na ce, "Sisi? Sisin da kakata take faɗa? Matar da ba ta taɓa ganin Bature ba?"

Ta ce, "Kuɗinsu ne na da, mai kwabo shida. Sunan da suke kiransa muka gutsuro gabansa muka riƙe. Kwabon ma nasu ne, sunan jan ƙarfe ne a bakinsu."

Malam ya ce, "Ka ƙara da layi a tasha. Ka ƙara da minti a hanya. Sau uku ka sha ruwa tun kafin azahar, kana ta haɗe rai kamar mai azumin gaske."

Na zauna ina kallon bayan bas ɗina da ya ɗago sama a cikin dawa. Haɗarin da ya gajarta min ƙafa ba laifina ba ne, wata babbar mota ce ta shigo hannuna. Wannan kuwa ni na yi shi da kaina, a kan alkawarin da na riga na faɗi tun ina gyara hula.

Na ce wa Malam, "Me ya hana ka faɗa tun a can?"

Ya ce, "Na buɗe baki, ta girgiza min kai. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na so in ga yadda za ka yini. Ga shi na gani da goshina."

Na juya wurinta. Idonta ya ciko. Ta ce, "Baba, mutanen unguwa suna tsaye. Ban so a ce 'yarka ta kayar da kai a ƙofar gidanka ba. Na ce in mun dawo in gaya maka mu biyu. Da na san abin da zai faru ke nan da na yi magana." Ta share ido ta ce, "In kana so a bar maganar. Zan cike jinyar."

A nan ne kunyar ta gaske ta kama ni. Tun asuba nasara tana hannunta, ta zauna a bayana ta riƙe ta a cinya, don kada girmana ya zube a gaban maƙwabta. Ni kuwa na yarda abokina ya faɗa rami, in dai zan ƙwace mata abin da take so.

Na ce, "Ni ba na maganar da zan lashe. Gobe ki cike Turancinki."

Ta rufe fuska da hijabi. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi, goshina bai tafi a banza ba."

Shanun suka yi jinkiri. Tunda azumi ya riga ya karye, sai na ce bari in ci in ƙoshi. Na tambaye ta, soja fa? Ta ce nasu ne, kuma can asali daga sunan wani tsohon kuɗi ya fito, wato mutumin da ake biya ya yi yaƙi. Likita fa? Shi ma. Na ce to mu ba mu da komai ke nan, duk aro muke yi? Ta ce a'a, Baturen ma gwanin aro ne. Sunan da yake kiran sukari da shi, da na auduga, da na gahawa, duk ta bakin Larabawa suka bi kafin su iso gare shi. Malam ya faɗi na Larabcin, ita ta faɗi na Turancin, na saurara, wallahi kamar wa da ƙane. Wannan ya ɗan sanyaya min rai. Ashe shi ma ɗaukar fasinja yake yi a hanya.

Na nuna bas ɗin da haɓa na ce, "Ita fa?"

Ta ce, "Ita ma guntuwa ce, an yanke kanta an bar wutsiyar. Cikakkiyar kalmar tana nufin domin kowa."

Na ce, "Domin kowa mai kuɗin mota."

Ranar ce ta fara yin dariya a gabana har haƙoranta suka fito.

Shanu huɗu da mutum goma sha suka jawo bas ɗin. Muka sa taya, muka cika lagireto da ruwan rafi, muka lallaɓa muka koma. Malam bai je ta'aziyyarsa ba sai bayan kwana uku, kuma a wata motar. Labari kuwa ya riga mu isa tasha. Har yau in na shigo akwai mai ɗaga murya ya ce, "Ja abin nan!" Ba na tankawa. Hambirkin dai a makon na gyara shi.

Yarinyar ta gama karatunta, yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Ita ce take rubuta wannan ina faɗa, kuma na hana ta gyara min ko kalma ɗaya. Bas ɗin ta tsufa na sayar, amma kafin nan na kai ta wurin mai fenti ya rubuta mata Domin Kowa a baya. Mutane suna zaton wa'azi ne.

Abin da ranar ta koya min ba shi da yawa. Kada ka yi rantsuwa a kan abin da ba ka bincika ba, ko da a cikin bakinka yake. Na yi shekara sittin ina tauna kalmomin nan ban san daga ina suka zo ba, kamar yadda na yi shekara goma sha takwas da yarinya a gida ban san me ke cikin kanta ba. Duka biyun tambaya kawai suke buƙata, ni kuwa na ɗauka shiru shi ne hankali. Yanzu in ban san abu ba sai in tambaya. Kuma in mota ta fara gangarawa, da kowane harshe ne, ina kiran birki da sunansa.